Yadda Saƙonnin Shara Ke Jefa Kamfanonin Masaukin Shafukan Intanet Cikin Baƙin Kundi

Kowane shafin intanet, da kowane akwatin imel mai ɗauke da sunan kamfani ko makaranta ko asibiti, yana zaune ne a kan wata babbar kwamfuta da ke aiki dare da rana, wadda ake kira uwar garke. Kaɗan ne daga cikin masu shafuka suka mallaki irin wannan na'ura. Galibinsu haya suke kamawa a wurin kamfanonin da sana'arsu ke nan, wato kamfanonin masaukin shafukan intanet.

Ɗaya daga cikin manyan masifun da kan auka wa irin wannan kamfani shi ne a wayi gari adireshinsa ya shiga baƙin kundi, wato jerin adireshin da masu karɓar imel a faɗin duniya ke ƙin amsar saƙo daga gare su. Sau da yawa kamfanin bai aika ko saƙo ɗaya da hannunsa ba. Wani daga cikin abokan cinikinsa ne ya watsa saƙonnin shara, amma hukuncin sai ya hau kan mai masaukin da duk wanda ke zaune a ƙarƙashinsa. Wake ɗaya, in ji Hausawa, shi ke ɓata gari.

Idan haka ta faru, ɗan kasuwar da ya tura wa abokin hulɗarsa takardar neman biyan kuɗi, da makarantar da ta aika wa ɗalibai sanarwar samun gurbin karatu, duk sai su tarar saƙonninsu sun dawo ko sun maƙale a hanya, alhali ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Mene ne saƙon shara?

Masu yaƙi da wannan matsala sun fi yarda da ma'auni biyu. Saƙo na zama shara idan an tura shi ga jama'a masu yawa a lokaci guda, kuma waɗanda aka tura wa ba su nema ba. Abin da saƙon ya ƙunsa ba shi ne ma'auni na farko ba. Tallar magani, da wasiƙar damfara, da gayyata zuwa taron ƙungiya, duk hukuncinsu ɗaya muddin an watsa su ba da izinin masu karɓa ba.

Matsalar ta girmi intanet ɗin da aka sani a yau. A ranar 3 ga Mayu, 1978, wani jami'in talla na kamfanin kwamfuta na DEC mai suna Gary Thuerk ya tura sanarwar sabbin na'urori ga mutane kusan 400 a kan ARPANET, hanyar sadarwar da intanet ta samo asali daga gare ta. Ana ɗaukar wannan a matsayin saƙon shara na farko ta imel.

A watan Afrilun 1994 kuma, wasu lauyoyi biyu a jihar Arizona ta Amurka, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar aikinsu na neman takardar zama a Amurka zuwa dubban zaurukan Usenet. Ƙorafin da ya yi ta kwarara ya durƙusar da na'urorin kamfanin da ke ba su intanet, Internet Direct, har ya rufe asusunsu. Tun daga nan aka gane cewa mai ba da masauki ne ke fara ɗanɗana kuɗar ɓarnar baƙonsa.

Adireshi ɗaya, 'yan haya da yawa

Kowace na'ura da ke magana a intanet tana da lamba da ake gane ta da ita, wadda ake kira adireshin IP. A tsohon tsarin da har yanzu aka fi amfani da shi wajen imel, wato IPv4, adireshin da ke akwai ba su wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma tun a watan Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin shiyyoyi biyar na duniya. Ta nahiyar Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishus.

Ƙarancin adireshi da neman rahusa suka sa kamfanoni ke tara ɗaruruwan shafuka a kan uwar garke guda, dukansu suna fitar da imel ta adireshi ɗaya. Wannan shi ne masaukin haɗaka, mafi arha kuma mafi yawan masu amfani. Ya yi kama da gidan haya mai ɗakuna da yawa amma ƙofar zaure ɗaya. Wanda ke waje bai san ɗakin da shara ke fitowa ba, lambar gidan kawai yake gani.

Dalilin da ya sa ake kama adireshin maimakon sunan mai saƙo yana cikin ginin imel ɗin kansa. Ƙa'idar aika imel, SMTP, wadda Jon Postel ya wallafa a 1982, an tsara ta ne a zamanin da masu amfani da hanyar suka san juna, don haka ba ta tanadi hanyar tantance mai aikawa ba. Kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai saƙo. Abin da ke da wuyar ƙirƙira shi ne adireshin na'urar da ta ƙwanƙwasa ƙofa, domin ta nan amsa za ta koma. Saboda haka mutunci ko zubewarsa a duniyar imel ya rataya a kan adireshin, adireshin kuma na mai masauki ne.

Yadda kundin ke aiki

Baƙin kundi na farko da ya shahara shi ne RBL, wanda Paul Vixie ya fara a 1997 a ƙarƙashin shirin MAPS. Daga baya aka mayar da irin waɗannan kundaye kan tsarin DNS, wanda shi ne ke fassara sunayen shafuka zuwa lambobi, domin tambaya ta zama mai sauri da sauƙi.

Idan wata na'ura ta zo da saƙo, uwar garken mai karɓa kan juya lambobin adireshinta daga baya zuwa gaba, ta liƙa sunan kundin a ƙarshe, ta aika tambaya. Alal misali, adireshin 192.0.2.99 zai koma 99.2.0.192, sannan sunan kundin ya biyo. Idan amsa ta dawo cewa babu wannan suna, to adireshin ba ya ciki. Idan kuwa ta dawo da lamba mai farawa da 127.0.0, adireshin na ciki, kuma lambar ƙarshe ce ke nuna dalili. Duk wannan ba ya kai daƙiƙa guda, kuma yana faruwa tun kafin a karɓi gundarin saƙon.

Daga nan zaɓi ya rage ga mai karɓa. Wani kan ƙi saƙon nan take, ya mayar da amsa mai lamba 550 ko 554, sau da yawa haɗe da sunan kundin da ya dogara da shi. Wani kan karɓa ya jefa shi akwatin shara. Wani kuma kan haɗa sakamakon da wasu alamu kafin ya yanke hukunci.

Yana da muhimmanci a fahimci cewa kundin da kansa ba ya tare saƙon kowa. Ra'ayi yake wallafawa, masu gudanar da na'urorin karɓa su ne ke zaɓar bin sa. Ƙarfin kowane kundi gwargwadon yawan masu aminta da shi ne. Shi ya sa shiga wani kundin ba ya hana kowa barci, shiga wani kuwa na iya tsayar da harkokin kamfani cikin sa'o'i.

Su wa ke riƙe da kundayen?

Mafi tasiri shi ne na ƙungiyar Spamhaus, wadda Steve Linford ya kafa a 1998. Tana da kundaye daban-daban: SBL na adireshin da aka tabbatar suna fitar da shara ko suna ba masu yin ta mafaka, XBL na na'urorin da masu kutse suka kame, DBL na sunayen shafukan da ke bayyana a cikin saƙonnin shara, sai PBL, wanda ba zargi ba ne, jeri ne na adireshin da bai kamata su riƙa aika imel kai-tsaye ba, kamar na gidaje da wayoyin hannu. Kundin ZEN ya tattara na adireshi a wuri ɗaya. Akwai kuma jerin DROP, na rukunan adireshin da ƙungiyar ke ba da shawarar a yanke duk wata hulɗa da su.

SpamCop, wanda shi ma aka kafa a 1998 kuma yanzu yake hannun kamfanin Cisco, ya dogara ne da rahoton masu karɓar saƙo da tarkunansa, kuma yakan cire adireshi da kansa bayan kimanin sa'o'i 24 idan ƙorafi ya tsaya. Kamfanin Barracuda na da nasa. UCEPROTECT na da matakai uku, daga adireshi ɗaya, zuwa rukunin adireshi, zuwa ɗaukacin hanyar sadarwar kamfani. SORBS, wanda ya daɗe yana aiki, an rufe shi a watan Yunin 2024.

Ban da waɗannan na fili, manyan masu ba da imel kamar Google da Microsoft da Yahoo na da nasu ma'aunai na cikin gida da ba sa wallafawa. Adireshi na iya kasancewa ba ya cikin kowane kundi na fili, amma saƙonsa ya riƙa faɗawa akwatin shara a Gmail ko Outlook.

Ta ina ake gane mai shara?

Hanya mafi ƙarfi ita ce tarko. Masu kundaye kan ƙirƙiri adireshin imel da ba na kowa ba, waɗanda ba su taɓa yin rajista a ko'ina ba, su baza su a inda injinan tsintar adireshi kaɗai za su gan su. Duk saƙon da ya shigo irin wannan akwati shaida ce cewa mai aikawa bai nemi izinin kowa ba. Akwai kuma tsofaffin akwatunan da masu su suka watsar shekaru da dama, aka mayar da su tarko domin kama masu amfani da jerin sunayen da ba sa tsaftacewa.

Hanya ta biyu ita ce ƙorafin jama'a. Duk lokacin da mutum ya danna maɓallin da ke cewa saƙo shara ne, ƙuri'a ce ya kaɗa a kan adireshin da saƙon ya fito. Ta uku ita ce ɗabi'ar na'urar: adireshin da ya saba fitar da saƙo 200 a rana, kwatsam ya fitar da 50,000 cikin dare ɗaya, ko wanda mafi yawan saƙonninsa ke zuwa ga akwatunan da babu su.

Yadda abokin ciniki ke jawo wa mai masauki

Abokan cinikin da ke jefa kamfani cikin wannan hali sun kasu gida uku.

Na farko shi ne mai yi da gangan. Yakan buɗe asusu da sunan ƙarya, wani lokaci da katin banki na sata, ya kwarara saƙonni cikin 'yan sa'o'i, ya tsere kafin a farga. Masu wayo daga cikinsu kan kama adireshi da yawa, su riƙa fitar da kaɗan-kaɗan daga kowanne domin kada a lura. Wasu ma ba sa aika saƙon daga wurin mai masaukin. Shafin da saƙon ke tallatawa kawai suke ajiyewa a can, kamar shafin banki na jabu da ake satar kalmar sirri da shi. Wannan kaɗai ya isa a sa adireshin cikin kundi, domin ana kallonsa a matsayin ɗaurin gindi.

Na biyu shi ne mai yi cikin rashin sani. Ɗan kasuwa ne da ya sayi jerin adireshin imel 100,000 daga wani dillali, ko ya kwashe su daga shafukan jama'a, yana ganin talla ce kawai kamar raba takarda a bakin kasuwa. Irin wannan jeri kusan koyaushe yana ɗauke da tarkuna da matattun akwatuna.

Na uku shi ne wanda aka yi wa kutse, kuma irinsa ne suka fi ba kamfanoni wahala. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya an gina su ne da manhajar WordPress. Idan mai shafi ya bar ta ko ƙananan manhajojin da aka ɗora mata ba tare da sabuntawa ba, masu kutse kan sami kafa su dasa 'yar manhajar da za ta riƙa aika saƙonni da sunan shafin. Haka ma kalmar sirri mai rauni, ko wadda aka yaudari ma'aikaci ya bayar, kan mayar da akwatin imel na halal bututun shara. Fom ɗin tuntuɓa da ba a tsare ba shi ma ƙofa ce.

Akwai wata hanya da mutane ba su cika lura da ita ba. Wanda ya umarci akwatin kamfaninsa ya riƙa tura masa duk abin da ya shigo zuwa Gmail, har da sharar da wasu suka aiko masa yake turawa. A idon mai karɓa, uwar garken mai masaukin ce ta kawo ta.

Daga ɗaki ɗaya zuwa unguwa

Shigar adireshi ɗaya cikin kundi abu ne da ke faruwa da kusan kowane kamfani, babba ko ƙarami. Abin da ke raba kamfanin kirki da na banza shi ne abin da ya biyo baya.

Tun 1997 akwai ƙa'idar intanet da ta tanadi cewa kowace hanyar sadarwa ta ware akwati na musamman domin karɓar ƙorafin cin zarafi. Nan ake aika rahoto. Idan kamfani ya duba, ya dakatar da mai laifi, ya ba da amsa, magana takan ƙare a nan. Idan kuwa ya yi kunnen uwar shegu, ko ya ɗauke mai sharar daga adireshin da aka toshe ya mayar da shi wani sabo, masu kundi kan faɗaɗa hukuncin. Daga adireshi ɗaya sai a koma rukuni mai adireshi 256, daga nan zuwa manyan rukunai, wani lokaci har da na'urorin imel na ofishin kamfanin kansa.

A wannan mataki, wanda ya biya kuɗi ya kama nasa adireshi na daban ma bai tsira ba, domin unguwar ce gaba ɗaya aka yi wa tambari. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Masu kundi na kare wannan mataki da cewa shi kaɗai ne ke sa kamfani ya auna kuɗin da yake samu daga mai shara ɗaya da asarar da zai yi idan ɗaruruwan abokan ciniki suka kwashe kayansu.

Misalai daga tarihi

Kamfanin McColo da ke birnin San Jose a jihar Kalifoniya ya zama abin misali. Masu bincike sun daɗe suna nuna cewa daga na'urorinsa ake sarrafa manyan rundunonin kwamfutocin da aka kame, irin su Srizbi da Rustock. A ranar 11 ga Nuwamba, 2008, bayan binciken ɗan jarida Brian Krebs na jaridar Washington Post, kamfanoni biyu da ke haɗa shi da sauran intanet, Global Crossing da Hurricane Electric, suka yanke shi. Kamfanonin tsaro suka ba da rahoton cewa yawan saƙonnin shara a duniya ya faɗi da kusan kashi biyu bisa uku nan take, ko da yake ya sake hawa bayan 'yan watanni.

A ƙasar Holan kuma, kamfanin CyberBunker ya yi suna wajen karɓar kusan kowane irin abokin ciniki. A watan Oktoban 2011 Spamhaus ta sa adireshin kamfanin A2B, wanda ke ba shi hanyar intanet, cikin kundinta. A2B ya yanke hulɗar, amma ya kai ƙara wurin 'yan sanda yana zargin ƙungiyar da tursasawa. A watan Maris na 2013, bayan Spamhaus ta sa CyberBunker cikin kundi, aka kai wa na'urorinta harin cunkoso da ya kai kimanin gigabit 300 a kowace daƙiƙa, mafi girma da aka sani a lokacin. A watan Afrilun shekarar aka kama wani ɗan ƙasar Holan a Sifaniya dangane da harin.

Wa ke sa ido a kan masu kundin?

Masu sukar tsarin na cewa ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke yanke hukunci ba tare da kotu ba, kuma sau da yawa marasa laifi ne ke shan wahala. An fi sukar kundayen da ke sa ɗaukacin kamfani a jeri saboda laifin 'yan tsiraru, sannan su nemi kuɗi kafin su gaggauta cire suna. Wata takardar jagora ta masana intanet da aka wallafa a 2012 ta yi hani da karɓar kuɗi domin cire adireshi daga kundi.

An taɓa gwada hanyar shari'a. A 2006 kamfanin e360 Insight ya maka Spamhaus a kotu a jihar Illinois ta Amurka. Ƙungiyar ta janye daga shari'ar bisa hujjar cewa kotun ba ta da hurumi a kanta, aka yanke mata biyan diyyar dala miliyan 11.7 a bayan idonta. Bayan shekaru ana fafatawa, kotun ɗaukaka ƙara ta rage kuɗin a 2011 zuwa dala 3 kacal.

Yadda ake fita

Mataki na farko shi ne karanta saƙon da ya dawo, domin yawanci yana ɗauke da sunan kundin da dalilin. Na biyu shi ne toshe ɓarakar: a gano asusun da ke fitar da sharar, a dakatar da shi, a share saƙonnin da ke layin fita, a cire manhajar da aka dasa, a sauya kalmomin sirri. Sai bayan haka ake neman a cire adireshin. Wanda ya nemi cirewa alhali shara na ci gaba da fita zai sake komawa ciki, kuma karo na biyu ya fi wuya.

Spamhaus ba ta karɓar kuɗi a kan cirewa. Sai dai a kundin SBL, daga mai hanyar sadarwar take sauraron buƙata, don haka abokin cinikin da abin ya shafa ba shi da abin yi illa ya matsa wa mai masaukinsa. Ko bayan fita daga kundi na fili, farfaɗo da mutuncin adireshi a wurin manyan masu ba da imel kan ɗauki kwanaki ko makonni.

Rigakafi

Kamfanonin da suka san ciwon kansu kan tantance sabon abokin ciniki kafin su buɗe masa asusu, su ƙayyade yawan saƙon da kowane shafi zai iya aikawa a sa'a guda, su kuma tace saƙonni masu fita kamar yadda suke tace masu shigowa. Manyan masu ba da hayar na'urori irin su Amazon da Google da Microsoft kan rufe ko su taƙaita ƙofa mai lamba 25, wadda ta nan imel ke fita kai-tsaye. Kayan aiki kamar Postmaster Tools na Google da SNDS na Microsoft na nuna wa mai aikawa yadda ake kallon saƙonninsa tun kafin abu ya ɓaci.

Akwai kuma hatimai uku na tantancewa. SPF na bayyana na'urorin da aka yarda su aika saƙo da sunan wani shafi. DKIM sa hannu ne na lantarki da ke tabbatar da cewa ba a taɓa saƙon a hanya ba. DMARC kuma na faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya kasa cin jarrabawar. Daga watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta su a kan masu aika saƙo da yawa. A wurin Google, wannan na nufin mai tura kimanin saƙo 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail, wanda dole ne kuma ya samar da hanyar fita daga jeri da dannawa ɗaya, kuma kada ƙorafi a kansa ya kai kashi 0.3 cikin 100, wato uku a cikin kowane dubu. Microsoft ya bi sahu a watan Mayun 2025.

Shi ma mai shafi na da nasa nauyin. Ya guji sayen jerin adireshi, ya tura talla ga waɗanda suka yi rajista da kansu kaɗai, ya sabunta manhajojinsa, ya kuma raba saƙonnin talla da na harkokin yau da kullum ta hanyar amfani da kamfanin da ya ƙware a aika saƙo mai yawa.

Matsayin doka a Najeriya

Sashe na 32 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyun, ga wanda ya watsa saƙonnin shara da nufin hargitsa aikin kwamfuta, kuma sashen ya haramta yaudarar mutane domin satar bayanansu na sirri. Dokar ta kuma wajabta wa masu ba da hidimar sadarwa adana bayanan masu hulɗa da su na tsawon shekara biyu. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke aiwatarwa, ta ba kowane mutum 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tura masa talla. Wasiƙun damfara da aka fi sani da 419, waɗanda suka samo sunansu daga sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuka, na cikin abin da hukumar EFCC ke farauta.

Sai dai baƙin kundi ba ya jiran hukuncin kotun kowace ƙasa. Saƙon da bai saɓa wa doka ba na iya jefa adireshi cikinsa, muddin waɗanda aka tura wa ba su nema ba. Ga kamfanonin masauki na cikin gida, waɗanda da yawansu ke sayar da sunayen shafuka masu ƙarewa da .ng bisa amincewar ƙungiyar NiRA, lamarin ya fi nauyi, domin tabon da wasiƙun 419 suka bari ya sa wasu masu gudanar da na'urori a ƙetare ke saurin zargin saƙon da ya fito daga adireshin Najeriya.

Don haka mai neman masauki ga shafin kamfaninsa ko ƙungiyarsa na da tambayoyin da suka fi farashi muhimmanci. Saƙo nawa aka yarda kowane asusu ya aika a sa'a guda? Wa ke duba akwatin ƙorafi, kuma cikin sa'o'i nawa yake amsawa? Me kamfanin ke yi wa abokin cinikin da aka kama yana watsa shara? Kafin a biya kuɗi, ana iya karɓar adireshin da imel zai riƙa fita ta kansa, a duba shi kyauta a shafin Spamhaus ko na MXToolbox, a ga ko yana cikin wani kundi.